Gangar Kawu a Cikin Tsohuwar Samfula

Shekarun baya, zamanin da waƙa ke yawo daga waya zuwa waya ta bulutu, ina da ɗan sitidiyo a Gummi. Na kira shi sitidiyo ne don kada ku raina ni. Ɗaki ɗaya ne da na manne bangonsa da kwalin ƙwai, sai fiyano ɗaya, da kwamfutar da ba ta aiki sai ta ga dama, da janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. Abin da ya tuno mini da zamanin shi ne tambayar da wani cikinku ya yi mini jiya a nan, wai me ya sa gangar da ke cikin ayyukana ba ta tafiya a miƙe kamar ta kowa, ko dai ban iya saita ta ba ne. Na iya, malam. Gyara zama ka ji dalili.

Wata tafiya da na yi Kano sayen wayoyin sitidiyo, na tsinci wata tsohuwar na'ura a shagon mai kayan gwanjo, an jibga mata matattun rediyoyi a ka. Samfula ake ce mata. Ga wanda bai san ta ba, akwati ce mai nauyin tsiya. Ka ba ta sauti ta makirufo ta haɗiye, sannan duk sanda ka taɓa ɗaya daga maɓallanta na roba sai ta maido maka da shi nan take. Tawa in ba ta girme ni ba to sa'ata ce. Da faifan fulofi take aiki, wanda ko a lokacin an daɗe da daina yayinsa, kuma duk abin da cikinta ke iya ɗauka bai wuce sakan goma sha biyu ba. Sakan fa na ce, ba minti ba. Amma in ta riƙe bugun ganga sai ta ƙara masa wani kauri da ɗan kaushi wanda kwamfutata ba ta taɓa ba ni ba. Kuma ba ta da nawa, yatsanka na sauka sauti na fita. Ita kwamfuta sai ka danna ka jira ta gama tunani.

Akwai abokina ɗan Anka da muke aiki tare, shi ke rera waƙa ni ina haɗa kiɗa. Ranar da ya ga samfular nan sai da ya zauna ƙasa don dariya.

"Mutumina, injin markaɗe ka sayo mana?"

Na ce ya bari zai gani. Wata shida tana ƙarƙashin tebur ban nuna masa komai ba, har ya fara ɗora mata kwanon tuwonsa.

To, ina da kawu a Adabka, yayan Inna mahaifiyata. Makaɗin noma ne, shi ma gado ya yi. In mutum ya kira gayya, maza suka jeru a bakin gona da galmunansu, Kawu ne ke rataya gangar noma ya bi su yana kaɗawa har su fitar da gonar. Kowane babban manomi yana da takensa, wato kiɗan da aka san nasa ne shi kaɗai, in ya ji shi sai tsikar jikinsa ta tashi. Wanda Kawu ya fi yi wa shi ne sarkin noman garin. Tun suna samari suke tare, kuma mutumin nan bai taɓa ɗaga galma a gayya da gangar wani ba.

Da bazarar shekarar nan ɓarin jikin Kawu na dama ya shanye. Bayan an sha asibiti ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu kuwa rabi ya dawo. Zai riƙe sandar kiɗa ya buga sau ɗaya ko biyu, da ƙarfinsa ma, sai hannun ya kama rawa sandar ta faɗi.

Damina ta yi nisa Inna ta je dubo shi. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta aika a kira ni. Ta ce sarkin noma ya sa ranar gayyar huɗa, saura sati uku, kuma 'ya'yansa sun ce za su ɗauko wani makaɗi daga Gwashi. Ta ce tun da Kawu ya ji, ya sa an sauke gangar daga inda take rataye an kai ɗakin shirgi. Ya daina zama ƙofar gida, tuwo in ya yi loma biyu ya ture kwanon.

"Na san Yaya," in ji ta. "In wata ganga ta yi kuka cikin gonar nan shina ji daga ɗaki, wallahi ba shi kai kaka."

Ta faɗa ne kawai don ta sauke abin da ke ranta, ba ta sa ran zan yi wani abu ba. Me mai kwalin ƙwai a bango zai yi? Amma ina fitowa zaure abin ya faɗo mini. Kawu bugu ɗaya yake iyawa. Samfulata kuwa bugu ɗaya take so. Ba ta neman mai kaɗawa tun safe har azahar, a ba ta kowane irin bugu sau ɗaya, sauran aikin nata ne. Nan take na ce wa kaina gangar Kawu ce za ta yi kuka a gonar nan, ko ana ha-maza ha-mata.

Abokina ya ce na haukace. Na ce na ji, ya kawo babur ɗinsa. Mutumin kirki ne, yana zagina yana ɗaure kaya. Muka naɗe samfula cikin bargon Inna muka rufe da leda saboda ruwa, muka ɗaure batirin mota da inbata mai mayar da wutarsa irin ta gida a baya, ni na rungume akwatin a cinya. Wanda ya san hanyar Adabka da damina ya san abin da muka sha bayan mun bar kwalta. Sau biyu muna sauka mu tura, sau ɗaya na faɗa cikin taɓo, amma na ɗaga akwatin sama kamar mai ceton jariri.

Mun sami Kawu kwance ya juya wa ƙofa baya. Bayan gaisuwa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya dubi akwatin, ya dube ni.

"Mi kaka so in yi ma wanga abu?"

"Bugu ɗaya-ɗaya kawai, Kawu. Ka buga, ka huta."

"In na buga, sai mi?"

"Sai ta riƙe muryar gangarka."

Can ya tashi zaune. Ina jin ba don ya yarda ya tashi ba, kunyar Inna ce ta tashe shi. Ya sa aka fito da gangar. Sanyin damina ya sa fatar ta saki, na ce ai ba komai a buga haka. Ya harare ni harara ɗaya na kama bakina. Sai da aka hura wutar kara, ya sa na riƙa juya gangar nesa-nesa da wutar yana taɓa fatar da yatsun hagu, har ya ji ta ɗame yadda yake so.

Muka shiga ɗakinsa muka rufe ƙofa. Na kafa makirufo, na ce bismilla. Kawu ya tattara ƙarfinsa ya sauke sanda a tsakiyar fata. Jama'a, ɗakin nan sai da ya amsa. Na duba na'ura, sai na ga ɓarnar da na yi. Na buɗe mata ƙarfin shiga fiye da kima, sautin ya fashe, ba abin da ya shiga sai ƙara kamar an yaga tsumma. Bugu mafi kyau da mutumin nan ya yi cikin wata huɗu, ni da na zo da iyayi na zubar da shi.

"Ta riƙe?"

"Kawu, a ƙara ɗaya dai."

Na ga yadda hannun ke rawa bisa cinyarsa, kunya ta rufe ni. Sai da muka jira ya lafa. Na biyu ya fito tsaf, sai wani zakara ya ga ba lokacin da ya dace ya yi cara sai wannan. Abokina ya fita da gudu ya kore shi har bayan gida, ya tsaya gadi a tsakar gida da sanda, yana korar awaki yana roƙon mata su dakata da daka.

Daga hantsi zuwa azahar bugu shida muka samu. Na tsakiya mai nauyi, wanda ake danne fata da hagu ya fito a shaƙe, na gefe mai kaifi, da wasu uku ƙanana. A na shidan sandar ta tashi daga hannunsa ta daki bango, bai ko dube ta ba, ya ce ya isa. Na yi ta datse wutsiyar kowane bugu don su shiga cikin sakan goma sha biyun nan, ina datsewa ina jin kamar naman jikina nake yanka. Na adana a fulofi biyu, ɗaya a aljihun gaba ɗaya a cikin hula.

Na koma Gummi na rufe kaina kwana huɗu. Taken sarkin noma na san shi tun ina ƙarami, don haka na jera bugun nan ɗaya bayan ɗaya. Samfula tana da wani wuri da in ka kunna sai ta daidaita maka kowane bugu ya zauna daidai wa daida, ba gaba ba baya, kamar an auna da ma'auni. Na kunna shi. Kiɗa ya fito santal, yana zagayowa ba ya kuskure. Abokina ya ji ya cire hula ya ce ya janye maganar injin markaɗe. Ranar ko ƙasa ban taka da kyau ba don alfahari.

Saura kwana goma sha biyu muka koma Adabka da babbar lasifikar sitidiyo. Na roƙi maƙwabtan Kawu uku su gwada mana a 'yar gonarsa ta bayan gida. Aka shimfiɗa masa buzu a gindin wata bishiya, aka ajiye masa ƙwaryar fura. Na kunna.

Da farko mutanen suka yi ihu, don muryar gangar ce sak. Suka duƙa. Kunya ɗaya ba su kai ƙarshenta ba abin ya watse. Wannan ya ɗaga galma kiɗa ya riga shi sauka, wancan ya tsaya cire saiwa kiɗa ya wuce ya bar shi, na ukun ya yi ta kokawa ya kamo shi har ya kusa sare ƙafarsa. Ɗaya ya miƙe yana haki ya ce, "Malam, kashe abin nan, kora mu yake yi."

Na kashe. Na juya wajen Kawu ina jiran ya ce ko sauri ya yi yawa in rage.

"Muryatta ce," in ji shi. "Amma wa ka noma da wanga? Kai ɗan nan, ganga ba ta shiga gaban galma, bayanta taka bi. Ni ba kiɗi nika yi ba kawai, kallo nika yi. In na ga bayan mutum ya tashi, in jira shi. In ƙasa ta yi tauri, in ba shi hili. In na ga ya fara mutuwa, in matsa kusa in tsokane shi da takenai. Akwatinka na da ido?"

Wallahi shekara nawa ina ganin gayya, ban taɓa lura ba. A sitidiyo kiɗa ake fara yi, mawaƙi ya bi. Na ɗauka duniya duka haka take.

Abokina ya ja ni gefe ya ce mu tattara mu tafi tun ba a fara nuna mu da baki ba, mun yi iyakar yinmu. Na ce shi ya tafi in yana so, ni ba inda za ni. Na ce in ido ake so ina da biyu, zan kashe abin daidaitawar nan in riƙa danna maɓallan da hannuna ina kallon manoma. Kawu ya yi wata 'yar dariya, ta farko da na ji tun zuwanmu.

"Ka taɓa huɗa?"

Na ce na taɓa, ina firamare.

"To ɗauki galma. Wanda bai san inda numfashi ka tsayawa ba, ba shi kaɗa ma mai noma."

Haka na tuɓe riga na shiga gona. Ni da hannuna bai saba da abin da ya fi linzamin kwamfuta nauyi ba. Kwana biyu ina abu ɗaya. Tafin hannuna ya yi ƙuraje suka fashe, bayana ya ƙage, sallah ma sai a zaune. Matan gidan in sun leƙo ta katanga sai su koma suna ƙyaƙyatawa, kunyoyin da na tayar kuwa sun karkace kamar hanyar maciji. Da yamma in zauna da samfula, abokina ya karɓi galma ina bin sa da maɓalli. Na ɗan fara ganewa, amma kullum sai na makara ko na riga shi. Abin da mutum ya yi shekara arba'in yana koya ba zai shiga yatsuna cikin sati ɗaya ba, ni ma na sani, taurin kai ne kawai ya hana ni faɗa.

A rana ta uku da hantsi ina duƙe ina fama, sai na ji galmar ta yi mini sauƙi. In na ɗaga kamar ana taya ni, in na sauke kamar ana jirana. Na yi rabin kunya ban tsaya ba, abin da ban taɓa yi ba. Sai kunnena ya kama wani ɗan ƙwas-ƙwas daga gindin bishiya. Na ɗago a hankali. Kawu ne, idonsa na kan bayana, ya kife ƙwaryar furar da ya shanye, yatsun hagunsa suna tafiya a kanta. Shi kansa bai san yana yi ba.

Na yar da galma. Ashe ina ta neman ido da hannu, ga su nan zaune a kan buzu. Hagun Kawu lafiyarta ƙalau, ita ce ta shekara arba'in tana rawa a kan fata. Maɓallin roba kuwa ba ya son ƙarfi, taɓawa kawai yake so. Na kinkimo samfula na dire a gabansa na ce shi zai kaɗa.

Ya ce Allah ya kiyaye. "Ni da hurhurata in zauna gaban jama'a ina latsa roba kamar mai wasan yara? A ce wane ya lalace har ya koma haka? Ɗauke mini shi." Ya tashi ya shige ɗaki ya saki labule.

Na roƙa, na haɗa shi da Allah, na kira Inna a waya ta yi masa magana, ya ce ta gaishe da mutanen Gummi. Saura kwana takwas. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na ce Allah ya yafe mini.

Washegari da safe na kafa kayana daidai ƙofar ɗakinsa, na juya lasifika tana kallon labulen. Na fara kaɗa taken sarkin noma, amma da gangan nake ɓata shi. Inda ya kamata bugu mai nauyi ya sauka sai in sa na gefe. Inda ake ɗan jinkirtawa sai in ruga. In kai ƙarshe in sake daga farko, in ɓata shi a wuri ɗaya dai. Abokina ya toshe kunne ya bar gidan. Na yi sau goma, na yi sau ashirin. Ina jin Kawu yana juyi a kan gado yana tsaki.

Can sai labule ya tashi.

"Kai! Kai marar kunya! Sunan mutum kaka ɓatawa haka da sahe? Wa ya ce maka nan aka sa mai nauyi?"

"To ina ake sa shi, Kawu?"

"Kauce!"

Ya ture hannuna, ya tambayi wanne ne na tsakiya. Na nuna masa. Ya taɓa. Bugun nan nasa na ranar farko ya fito daga lasifika da dukkan ƙarfinsa, har kajin tsakar gida suka watse. Ya janye yatsan da sauri. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sake taɓawa.

Bai ce ya yarda ba, ni ma ban tambaya ba. Ya dai ce jerin maɓallan bai yi masa ba, in matso da na shaƙe kusa da babban yatsa, in kai na gefe wajen ƙaramin. Na sake jera su yadda ya ce, na ɗiga wa kowanne ɗan danƙo don ya gane su ba sai ya duba ba, tunda idonsa na da aiki a gona. Kwana bakwai muna yi, ni da abokina muna huɗa yana kaɗa mana, batir in ya mutu a kai shi caji kasuwa. Yana yi yana faɗa, wai roba ba ta da rai, wai ba ta amsa masa kamar fata. Amma tuwo ya koma cinyewa.

Ranar gayya muka aro amalanken wani maƙwabcinsa Bafulatani. Ya ce ya ba mu amalanke amma ban da shanu, don in suka ji wannan ƙara za su kwashe mu har Bukkuyum. Saboda haka ni da abokina muka zama shanun. Muka ɗora Kawu a sama inda zai ga kowa, samfula a kan cinyarsa, batir da lasifika a bayansa, muka tura har bakin gona.

Maza sun jeru, sun fi talatin. Makaɗin Gwashi ma ya zo da gangarsa, tunda ba wanda ya ce masa kada ya zo. Babban ɗan sarkin noma ya matso ya ce mini a hankali, don Allah kada mu kunyata tsoho a gaban mutane. Na ce ya ba mu kunya ɗaya tak, in abin bai yi ba da kaina zan tura amalanken gida. Shi kuwa makaɗin Gwashi ɗan halak ne, ya zo ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce ba zai taɓa fata ba sai babba ya ba shi izini.

Na zura fulofi. Na'ura ta yi ta ƙurƙur, ta ce ba ta gane shi ba. Mutane suka fara 'yan dariya. Na cire hula na zaro na biyun, na goge shi a riga, na yi bismilla na zura. Ƙurƙur, ƙurƙur, sai fitilar ta tsaya. Na ce, "Kawu, ga ta."

Sarkin noma yana can tsakiyar layi ya ba mu baya. Tsoho ne shi ma, tun da muka iso bai waiwayo ba, ina jin ba ya son ya ga abokinsa a kan amalanke. Ya tofa yawu a tafi ya kama ƙotar galma. Kawu bai taɓa komai ba, ya zuba wa bayan nan ido. Sai da galmar ta tashi, ta kai inda za ta kai, ta fara saukowa, sannan ya sauke yatsa. Galma da ganga suka dira tare.

Ya bi da taken. Sarkin noma ya tsaya cak a duƙe. Ya miƙe a hankali ya juyo, ya dubi makaɗin Gwashi ya ga hannunsa a naɗe. Ya dubi amalanke.

"Wanga hannun na san shi," ya ce. Sai ya ɗaga galma sama da hannu ɗaya ya kurma wani ihu, ya yi wa kansa kirari tun daga kakansa, ya duƙa. Layin nan gaba ɗaya ya duƙa tare da shi.

Abin da ya biyo baya ban gan shi da kyau ba, don kaina na ƙasa ina tura amalanke a gefen gona, Kawu yana daka mana tsawa mu matsa ko mu tsaya. Amma ina ji. Ina jin yadda yake jira in sun shiga wuri mai tauri, yadda yake tsokanar wanda ya fara ja baya. Da aka yi nisa ya ɗaga wa makaɗin Gwashi kai, shi kuma ya shigo yana raka shi daga baya. Kafin la'asar an fitar da gonar. Ni kuka nake yi ina turawa, na ce wa abokina zufa ce, ya ce shi ma irin zufar ke damunsa.

Da aka zauna shan fura sarkin noma ya zo ya kama hannun daman Kawu, wanda ba ya aiki, ya riƙe shi cikin nasa. Kawu ya ce masa, "Shi ne ka ji. Hagu aike kawai ta yi." Sannan ya juyo gare ni ya ce gobe in ƙara wa na gefen nan murya, ya yi ƙasa da yawa. Iyakar godiyar da na samu ke nan, kuma ta ishe ni.

Inna ta ce ba zai kai kaka ba. Ya kai, ya ƙara damina biyu a kanta, kuma duk gayyar da aka yi a cikinsu shi ya kaɗa, ni ne dai na ci gaba da zama san da ke tura amalanke. Bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan sarkin noma da ya bi shi ba da daɗewa ba.

Yanzu ina da kayan aikin da a wancan lokaci ko a mafarki ban gani ba, kuma bugun nan shida na kwafe su a wurare da yawa don tsoron ranar da fulofi zai gaji. Amma in aiki na son ganga, tsohuwar nake jawowa, danƙon nan na nan a kan maɓallanta. Abin daidaitawa kuwa tun ranar da manomin nan ya ce kora su yake yi ban sake kunna shi ba. Mawaƙi nake sawa ya fara rerawa, in zuba masa ido, in ga inda yake jan numfashi, in jira shi. Shi ya sa kake jin gangar tana ɗan jinkiri, mai tambaya. Ba kuskure ba ne, haka aka koya mini.

Wani lokaci Inna takan zo sitidiyo, ta zauna a kujerar baƙi ta ce ba abin da ya kawo ta, wucewa take yi. Na san abin da take so. Sai in kunna tsohuwar, in jira ta gama ƙurƙur ɗinta, in tura mata ita gabanta. Ba ta iya kiɗa ba, maɓalli ɗaya ta sani. Takan sa yatsa ta taɓa shi sau ɗaya, ta saurara har ƙarar ta mutu, sannan ta ce, "Sannu, Yaya," ta ɗauki mayafinta.